Elam, Ɗan Jack na Gidan Holbrook

Hobart Ledford ya gama shirin mutuwa tun watan Maris na 1994, wurin kwanciya kaɗai ya rage masa. Shekara talatin da huɗu ya yi a ramin kwal, ƙura ta cinye masa huhu, yanzu sai zaman baranda da robar iska a hanci, yana kallon tudun da ke tsallaken rafi. A can yake so a binne shi, kusa da kakansu Elam. Sau ɗaya ya faɗa wa ƙanwarsa Velma, bai maimaita ba, domin numfashin da ya rage masa bai kai na maimaita magana ba.

A da wannan ba abin tattaunawa ba ne. Duk wanda ya mutu a kwarinmu na Dry Lick, a nan gabashin Kentucky, tudun Napier ake hawa da shi, a haƙa inda aka ga fili. Sai aka zo da sabon titi aka datse rabin tudun, wurin kabari uku kacal ya rage, ga tsofaffi a kwarin sun fi arba'in, kowa yana tari yana satar kallon ɗan'uwansa. Kwamitin maƙabarta ya zauna ya yi doka: ba za a ƙara binne kowa ba sai wanda ya kawo takarda mai nuna shi jinin wani ne da ke kwance a tudun. Mahaifin su Hobart, Burl, a Ohio ya rasu wajen aikin masana'anta, can aka binne shi da matarsa. Kakarsu Sudie ta yi aure daga baya ta koma Virginia. Elam kaɗai gare su a tudun, ƙarƙashin wani dutse mai suna ɗaya da shekaru biyu, 1868 da 1903. Tun suna yara, duk ranar kai furanni maƙabarta, Burl yake jan su gaban dutsen ya ce, "Ku gaida kakanku." Su ajiye furanni, a shimfiɗa mayafi a ci soyayyiyar kaza da burodin masara.

Velma, mai shekara saba'in da ɗaya, ta saka takalmin zuwa coci ta tafi shagon abincin dabbobi na Arlis Napier, shugaban kwamitin.

"Takarda?" in ji ta. "Arlis, shekara takwas ina zuba maka wake a kicin ɗin makaranta, majina na zubo maka, ban taɓa tambayarka takarda ba."

"Doka ce, Inna Velma, ba ni kaɗai na yi ta ba." Ya sosa ƙeya, ya ƙi haɗa ido da ita. "Ki je ɗakin karatu na gari, ki ce a ciro miki shafin ƙidayar 1900. Shafi ɗaya. Ki kawo mini shi ranar da za mu zauna. Kada ki wahalar da kanki da sauran."

Duk wanda ya san Velma ya san nan Arlis ya yi kuskure. Matar da ke wanke gindin tukunya har sai ta ga fuskarta a ciki, ita za ka ce wa kada ta wahalar da kanta?

Mai kula da ɗakin karatun, Misis Pfeiffer, 'yar birni ce daga Cincinnati, ba ta bambance akuya da tunkiya. Cikin minti goma ta haska mata shafin a inji. Ga shi nan da rubutun mai ƙidaya: Elam Ledford, mai gida, shekara talatin da biyu, manomi, bai iya karatu ba. A ƙasa Sudie, a ƙasanta Burl, ɗa, shekara tara. Velma ta ɗora yatsa a kan gilashin, hawaye suka zo mata, domin wannan ne karo na farko da ta ga sunan kakanta a wani wuri ban da dutse. Da ta naɗe takardar nan ta koma gida, da babu labari. Sai ta tambaya ko akwai wani abu kuma.

Akwai. Iyalai da yawa sun kawo tsofaffin Littattafai Masu Tsarki na gidajensu ajiya. A zamanin da, shafukan gaban littafin su ne kaɗai takardar da ke gida, don haka duk abin da aka haifa a gidan mutum, can yake rubuta shi. A littafin tsoho Napier, kakan kakan Arlis, Velma ta samo wannan:

"Elam, tara ga Afrilu 1868. Uwa Dolly. Uba Jack na gidan Holbrook. Ya miƙe tsaye kafin faɗuwar rana."

"Kuskuren alƙalami ne," in ji Velma. "Uwar yake nufi ta miƙe tsaye."

"Matan zamanin da ke nan," in ji Misis Pfeiffer.

A shafi na gaba, shekarar 1871: "Elam ya fara aikin garma, ya fi manya ƙarfi. Na ba wa Ledford shi da kaka." Velma ta cire tabarau ta goge. Yaro ɗan shekara uku a bayan garma, kuma da aka gama girbi aka miƙa shi wani gida kamar ƙwarya. Yanzu ta gane inda sunan Ledford ya samo asali, riƙo ne. Ranar Lahadin nan ba ta amsa gaisuwar ko mutum ɗaya daga gidan Napier ba, har da jaririn da aka miƙo mata.

Kullum da yamma ta dawo ta zauna a baranda ta karanta wa Hobart abin da ta samo. A takardun kotun gunduma na 1884, wani fasto ya kai ƙara cewa Elam na gidan Ledford ya cije shi a kafaɗa yana tsakiyar yi wa mutane baftisma a rafi. Alƙali ya yanke cewa daga ranar a riƙa ɗaure Elam a gida duk Lahadi.

"Ɗaurewa fa, Yaya. Saurayi ɗan shekara sha shida, da igiya."

Hobart ya ja iska. "Me faston ya ce masa?"

"Ba a rubuta ba."

"Ya ce wani abu," in ji Hobart.

Wata tsohuwar jarida ta 1889 kuwa ta ba da labarin ambaliya: Elam na gidan Ledford ya shiga ruwa sau bakwai ya jawo mutum bakwai, jama'a suka saka masa da buhun hatsi, ya cinye rabi nan take. Velma ta karanta sau biyu. Ta ce a duba irin yunwar da ake yi a lokacin, mutum ya ci ɗanyen hatsi a tsaye. Ranar Hobart ya shanye miyarsa duka.

Ku tuna Velma 'yar ƙauye ce. A gona ta tashi, ta kai wa dabbobi ciyawa tun kafin ta iya ɗaure takalmi. Amma kaka take nema, kuma duk inda ta duba kaka take gani.

Jack na gidan Holbrook ne ya hana ta barci. Ta ce tunda ta fara, sai ta san uban kakanta. Ta bi littattafan gidaje ɗaya bayan ɗaya, mako uku cur, kuma ta same shi, ta same shi fiye da yadda take so. Littafi goma sha ɗaya, a kwari huɗu, 'ya'ya arba'in da uku, kowanne da uwarsa daban. Bess, Queenie, Pearl, wata ma ba a rubuta sunanta ba, sai "ja mai farin goshi". Ko sunan baiwar Allah bai tsaya tambaya ba. Abin da ya fi ɗaure mata kai, masu gidajen da hannunsu suke rubutawa, a cikin Littafi Mai Tsarki, babu ko alamar kunya. Wani har ya rubuta, "An kawo mana Jack, ya kwana biyu, Allah ya sa a dace." Velma ta rufe littafin ta fita waje shan iska.

Ta kuma lura cewa a cikin arba'in da ukun nan babu wanda ya yi aure, babu wanda ya bar baya, sai Elam. Ta ɗauke shi hukuncin Ubangiji a kan Jack, ta gode da aka keɓe nasu. Wannan ɓangaren ba ta karanta wa Hobart ba.

Takardar auren Elam da Sudie kaɗai ta gagara. Saura kwana biyu kwamiti ya zauna, Velma ta gasa kek ɗin tuffa ta hau kan kwari wajen Gwaggo Icie, mai shekara casa'in da bakwai, mutum na ƙarshe da ya ga Elam da idonsa. Ta same ta tana ɓare wake a cinya.

"Gwaggo, an ce kin je jana'izar kakanmu."

"Ina shekara shida. Na je."

"Mutum nawa suka ɗauki akwatin?"

"Wane akwati? Shanu biyu suka ja shi a kan ƙofar rumbu."

Velma ta rubuta. Ƙato ne ke nan. "Wa ya yi wa'azi?"

"Fasto ya ƙi zuwa. Sudie ta karanta zabura, ubanki yana riƙe da linzamin yana kuka."

"Linzamin wa?"

Tsohuwar ta daina ɓarar wake. Ta dubi Velma, ta dubi littafin rubutunta, ta dubi kek ɗin, kamar tana auna ko kek ɗin ya kai.

"'Yar nan, me kike rubutawa haka?"

"Tarihinsa. Na samo har ubansa, Jack na gidan Holbrook."

"Jack ɗin nan jaki ne, Velma. Wane namijin jaki ne ba Jack ake ce masa a kwarin nan ba? Ke ma kin sani. Dolly kuwa goɗiya ce. To idan jaki ya hau goɗiya, me ake samu?"

Velma ta sani.

"Alfadari," in ji Gwaggo Icie, ta jefa wake a kwano. "Kuma alfadari na kirki. Ba a sake yin irinsa ba."

Sauran ta ba ta shi a hankali, tana cin kek. Wani mai tallar keken ɗinki ya ratso kwarin, ya yi wa Sudie alkawari, ya bar ta da ciki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Iyayenta suka mutu suka bar mata gona mai duwatsu da Elam. Shi ya yi noma, shi ya kai masara injin niƙa, shi ya kai Burl makaranta ya dawo shi kaɗai. Da mai ƙidaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa ke riƙe da gidan nan, Sudie ta ce Elam. Yana ina? Yana gona. Shekarunsa? Talatin da biyu. Ya iya karatu? A'a.

"Ba ta yi masa ƙarya ko ɗaya ba," in ji Gwaggo Icie.

"Baba ya sani ke nan."

"Yana da shekara sha biyu aka binne Elam, ta yaya ba zai sani ba? Yara suna yi masa gorin uba a makaranta, sai ya ce ubansa Elam ne, duk mai ja su gwabza. Aka daina ja."

Velma ta sauko kwarin a hankali, kunya da baƙin ciki sun cika mata ciki. Ta yi kukan yaro ɗan shekara uku, ta yi gaba da jariri, ta zagi jaki da fasiƙanci a zuciyarta mako uku. Duk wannan mai sauƙi ne. Alfadari ba ya haihuwa. Hobart ba jinin kowa ba ne a tudun nan, ga shi kullum yana ƙara ramewa a baranda yana kallonsa. Ta yanke shawara za ta miƙa shafi ɗayan ta ja bakinta ta yi shiru.

Kwamiti ya zauna ranar Asabar bayan abincin rana, a ɗakin bayan coci. Mutum biyar ne: Arlis, matarsa Nadine mai rubuta duk abin da aka faɗa, fasto, da tsofaffi biyu, Coy da Denver, waɗanda ke zuwa saboda kofi. Velma ta ajiye shafin. Arlis ya duba, ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗauki biro.

"Shi ke nan. Elam Ledford, ɗansa Burl, ɗan Burl Hobart. Akwai mai magana?"

Babu mai magana. Biro ya taɓa takarda. Velma, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa iya riƙe ƙarya ta kai ƙofa ba, ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Alfadari ne."

Coy ya ajiye kofinsa. Denver ya ɗaga kai yana duba rufi kamar yau ya fara ganinsa.

"Inna Velma," in ji Arlis a hankali, "shafi ɗaya na ce."

"Ka sani?"

"Kowa ya sani. Kakata ta faɗa mini ina ɗan shekara goma, ta ce in na kuskura na furta sai ta fasa mini baki."

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Shekara casa'in kwarin nan yana kallon gidan Ledford suna ajiye wa alfadari furanni, ana miƙa musu salatin dankali, ba wanda ya taɓa ko murmushi. Velma ta rasa ko ta zage su ko ta rungume su.

"Ban ji abin da ta ce ba," in ji Arlis. "Nadine, ba a ce komai ba."

"Na riga na rubuta," in ji Nadine. Ba mugunta ba ce zalla. Uwarta na cikin masu tari, kuma kaburbura uku ne.

"Ki goge."

"Da biro ne. Kuma abin da aka rubuta ya zama takarda. Yanzu takarda biyu gare mu, ɗaya ta ce manomi, ɗaya ta ce alfadari."

Fasto ya buɗe littafin dokoki ya ce a inda takardu suka saɓa, ƙuri'a ake kaɗawa. Ya ƙara da cewa doka ta shida ta hana binne dabba a tudun, don haka idan alfadari ne, sai an tono shi.

"Wuri ya zama huɗu ke nan," in ji Nadine.

"Amma Hobart ba shi da ko ɗaya," in ji Coy.

Arlis ya shafa fuska da hannu biyu. "To. Masu cewa Elam alfadari ne."

Nadine ta ɗaga hannu. Fasto ya ɗaga nasa rabi, ya ce shi dai ba zai iya ƙarya a cikin ginin coci ba, da a waje ake zaman da ya duba.

"Masu cewa mutum ne."

Coy ya ɗaga. "Kakata ce ta huɗu da ya jawo daga ruwa. Da wutsiyarsa ta riƙe."

"Mutum ba shi da wutsiya," in ji Nadine.

"Wannan yana da ita."

Denver ya ɗaga nasa. Ya ce shi ya san mutane da yawa a tudun nan, har da surukinsa, kuma in za a fara tantance waye dabba, ba da Elam za a fara ba.

Biyu da biyu, saura Arlis. Velma ta riƙe jakarta da hannu biyu, ba ta roƙe shi ba, ba ta ma iya kallonsa. Ya dubi matarsa, wadda zai koma gida da ita ya ci abincin da ta dafa. Ya dubi shafin.

"Ni dai ban taɓa ganinsa ba," in ji shi. "Gwamnati ta ƙirga shi cikin mutane. Ba zan ƙaryata gwamnati a kan wani alfa... a kan wani manomi ba." Ya ɗaga hannu. "Nadine, rubuta: mutum ne, uku da biyu."

Nadine ta rubuta har biro ya huda takardar.

Da Velma ta iso gida Hobart ba ya baranda. Ya kasa zama, maƙwabciya ta taimaka masa ya kwanta, ta juya gadon yana fuskantar taga. Velma ta zauna a gefensa ba ta ko cire takalmi ba.

"An ba ni?"

"An ba ka, Yaya."

"Kusa da shi?"

"Kafaɗa da kafaɗa."

Ya rufe ido, ya daɗe yana neman iska. Ta ɗauka barci ya ɗauke shi, sai ya sake magana.

"Ba ki samo hotonsa ba?"

"Babu hoto."

"Amma Gwaggo Icie ta gan shi." Ya huta. "Ta ce na yi kama da shi kuwa?"

Velma ta dube shi. Kafaɗun da suka ranƙwafa tun yana ɗan arba'in, hannuwan da baƙin kwal bai taɓa fita daga tsagunansu ba. Ranar da mijinta ya kwashe kayansa ya bar ta da yara huɗu, Hobart ne ya shigo da jakarsa, ya rataye hularsa a bayan ƙofa. Bai yi aure ba, bai haifi ko ɗaya ba, yaran kuwa har yau in an tambaye su wa ya rene su, sunansa suke kira. Sai yanzu ta ga abin.

"Kai ka ɗauko shi duka," in ji ta.

"Na yi zaton haka," in ji Hobart.

Ta gyara masa robar hanci, ta ja masa bargo zuwa ƙirji.